Wai Ajayil, salon nan na gina manhaja, na nufin ba a tsara aiki?

Abin nan yana ban mamaki wallahi, sai kaji mutum yace ai mu Ajayil muke bi, ba ruwanmu da tsari ko rubuce-rubuce, kawai a zauna a hau buga kod. Ba haka bane fa. Mutum 17 da suka haɗu a Yuta ta Amurka a 2001 suka fitar da ƙa'idojin, cewa sukayi manhaja mai aiki tafi tarin takardu daraja, kuma sauya hanya in buƙata ta sauya yafi nacewa kan tsohon shiri, amma basu ce a watsar da shirin ba sam.

Hasali ma tsarawar tafi yawa. A tsohon salo ana zama a rubuta komai tun farko, a gina, sai can ƙarshe a gwada, in kwastoma yace ba haka yake nufi ba to an shiga uku. A Sikiram kuwa, ɗaya daga cikin hanyoyin bin Ajayil, ana raba aikin zango-zango ne, duk zango, galibi sati biyu, baya wuce wata guda, sai an zauna an zaɓi abinda za'a gama, kullum a tsaya minti 15 a duba ina aka kwana, ƙarshen zango a nuna ma mai kaya ya danna da hannunsa yace wannan maɓallin bai min ba.