Mashayar 'yan Ailan ta da da ta yanzu

Kafin wani ya fara min wa'azi a komen, ni ba na shan giya, magana ce ta tarihi. Amma duk wanda ya zauna a Niyok ya san ba ka tafiyar minti goma ba ka ga mashaya mai koren allo da sunan O'wane ko Mc-wane, irin sunayen 'yan Ailan, ba, kuma a ganina iri biyu ne, bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba.

Ta farko ita ce irin McSorley's da ke layin East 7th, wadda masu ita ke cewa tun 1854 take. Lokacin nan yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852 ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya a Ailan, wasu kamar haka suka tsallako teku ba ko sisi. To baƙo in ya sauka ina zai nufa? Mashayar ɗan garinsu. Nan zai ji inda ake ɗaukar lebura, wa ke da ɗakin haya, nan ake ajiye masa wasiƙar gida, nan 'yan siyasa ke zuwa farautar ƙuri'a. Wallahi aikin fatoma ne sak, irin na maigidan zango a Kumasi ko Sabo ta Ibadan, wanda zai ba ka masauki ya haɗa ka da mai sayen goro ko shanunka, bambancin dai su a kan kofin giya, mu a kan tabarma da buta. Har yau McSorley's garin katako suke barbaɗawa a ƙasa, giyarsu kala biyu ce kawai, baƙa da fara, kuma kar a ɗauka komai nasu abin yabo ne, mata ba su shiga ba sai 1970, shi ma sai da kotu ta tilasta.

Ta biyun kuwa haja ce. Wajen 1990 aka kafa Irish Pub Company a Dublin, babban birnin Ailan, suka haɗa kai da Guinness, sai a ƙera maka mashaya sukutum a Ailan, kanta da madubai da tsofaffin hotuna har da keken da za a rataya a bango, a loda a kwantena a kai maka Dubai ko Tokyo ko filin jirgi a ɗaura. Ka shiga ka ga kamar ta shekara ɗari, alhali bara aka yi fenti, kuma da ƙyar ka samu ɗan Ailan ko ɗaya a ciki.

Ban ce haramun kasuwanci suka yi ba, sun iya talla, Guinness ɗin nan ma ai tun farkon shekarun 1960 take da kamfani a Ikeja. Abin da nake ja da shi kawai a ce min wai wannan ta kwantena al'ada ce. Wurin da ba wanda zai ba ka bashi ko ya nema maka aiki, ba wanda zai tambaya in kwana biyu ba a gan ka ba, shago ne kawai mai ado, kuma kuɗinsa ma ya fi tsada.