Gambarar Katsina: lambar yabo ba za ta ajiye waƙa ba

Kusan duk ƙarshen shekara sai rigima iri ɗaya ta dawo tsakanin matasan da ke waƙar gambarar zamani, wato hip-hop, a Katsina. A shirya bikin karrama mawaƙa a wani ɗakin taro, a fitar da sunaye, a ce magoya baya su yi zaɓe ta intanet, washegari kuma Facebook da TikTok su cika da ƙorafi. Wani ya ce an yi son kai, wani ya ce kuɗi ne suka yi aiki. Tsofaffin hannu kuwa maganarsu ba ta canzawa: mu muka share hanya, amma yau ko kujerar gaba ba a ba mu. Ina tare da su a kan cewa ba a ba su haƙƙinsu ba. Inda na rabu da su shi ne wurin da suke neman haƙƙin. Abin da zai sa a san mutum bayan shekara talatin ba allon gilashin da aka miƙa masa a dare ɗaya ba ne, waƙarsa ce, in har tana nan, kuma da sunansa a jikinta. A nan ne muke asara, kuma ba a kanta ake faɗa ba.

Mu a jihar nan ba mu buƙatar zuwa nesa neman misali. An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa a 1923, ya rasu a 1999, kabarinsa yana Daura. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, gwamnatin tarayya ma ta ba shi lambar ƙasa. Amma yaron da aka haifa bayan rasuwarsa, wanda yau yake bin amshi a motar haya tsakanin Funtua da Malumfashi, ba digirin ne ya kai masa Shata ba. Gidajen rediyo sun naɗi muryarsa sun ajiye, kamfanoni sun buga faifai, masu kaset sun yi ta kwafa, daga baya kuma wasu suka zauna suka bi danginsa da makaɗansa da 'yan amshinsa suna tambaya suna rubutawa, har aka sami littattafai a kan rayuwarsa. Digirin ya zo ne ya tarar da aiki a ajiye. Da babu ajiyar, da yanzu sai dai a ce wai an yi wani mai kalangu.

Yanzu a dubi 'yan gambarar da suka fara a garin nan shekarun 2000, lokacin faifan CD, kafin waya mai shafawa ta shiga hannun kowa. Ina waƙoƙinsu? Hanyar da waƙa ke bi a wancan lokaci kowa ya san ta. Yaro ya tara kuɗin situdiyo, ya shiga ɗaki ɗaya da aka manna wa katifa a bango don tare ƙara, mai haɗa kiɗa ya zauna gaban kwamfuta ya yi masa aiki. Da an gama sai a kai wa masu tura waƙa a kasuwar waya da shagunan caji. Su kuma su zuba ta cikin memori tare da ɗaruruwan wasu, daga nan ta bi Bluetooth, daga baya Xender, daga wannan waya zuwa waccan. Kafin ta kai hannu na biyar sunan mawaƙin ya faɗi a hanya. Abin da za ka gani a fuskar wayar shi ne wata lamba, ko sunan shagon da ya tura ta, wani lokaci ma mai shagon ya ɗora muryarsa a farkon waƙar yana tallar kansa. Asalin aikin kuwa yana cikin kwamfutar mai haɗa kiɗa, kwafi ɗaya tak. Ranar da na'urar ajiyar ta mutu, ko aka goge ta don a sami wuri, ko aka sayar da kwamfutar don biyan haya, shi ke nan an binne aikin shekara biyar ba tare da kowa ya sani ba. Mun yi noma sosai, rumbu ne ba mu gina ba.

Kada a ce intanet ta magance wannan. Audiomack da YouTube da Boomplay sun taimaka, babu musu, amma kamfanoni ne masu neman riba, ba ma'ajiyar tarihin kowa ba. Mawaƙi kan manta lambar sirrinsa, a rufe masa shafi, ko shi da kansa ya goge tsofaffin waƙoƙinsa don yana jin kunyar yadda muryarsa take a da. Shafukan sauke waƙa da yawa da muka dogara da su a baya sun mutu da duk abin da ke cikinsu.

A Amurka, inda abin ya samo asali, ana iya faɗin rana da gida: 11 ga Agusta 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, wurin wani ƙaramin biki da DJ Kool Herc ya yi wa kiɗa. An san haka ne saboda wasu sun riƙe ƙananan takardun gayyata da hotuna da kaset, abubuwan da a lokacin ake ɗauka shara ne. Jami'ar Harvard ta buɗe ma'ajiyar hip-hop a 2002, ta Cornell ta kafa tata a 2007. Da aka yi bikin cika shekara 50 a 2023, akwai abin nunawa a hannu. Mu fa, wa zai iya faɗa da hujja wane ne ya fara naɗar gambara da Hausa a cikin birnin Katsina, a wane situdiyo, wace shekara? Tambayi mutum biyar ka ji suna biyar, kowa da ubangidansa.

Na san dalilin da ya sa idon yaranmu ke kan waje. Gasar karrama mawaƙa ta Headies, wadda aka fara a 2006, ta Legas ce, kuma kunnen Legas take bi. Sunayen da Arewa ta sani a wannan fage, irin su DJ AB daga Kaduna, Classiq da B.O.C Madaki daga Bauchi, Ziriums daga Kano, sun fito ne daga garuruwan da ke da masu tallata waƙa da wuraren wasa fiye da namu. Zuwan tashar Arewa24 a 2014 ya buɗe ƙofa, amma ita ma a Kano ake yawancin aikinta. Don haka yaron Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa da ya ji yana da baiwa, tunaninsa na farko shi ne ya hau mota. Ba na ganin laifinsa, abinci yake nema. Wanda ya zauna kuma sau da yawa waƙar siyasa ce ke ciyar da shi, wadda ranta ke fita da an rufe akwatin zaɓe. Sai dai ko da gobe ɗan Katsina ya ɗauko babbar lamba a Legas, hakan ba zai dawo da waƙa ɗaya daga cikin waɗanda suka ɓace ba, ba kuma zai faɗa wa kowa a wurin wa ya koya ba.

Akwai dattawa da malamai da za su ce me za a ajiye a waƙoƙin da ke cike da ashar da fariya da zagin juna. Ban raina wannan magana ba, domin wasu waƙoƙin ni ma ba zan so ƙanena ya haddace su ba. Amma ajiye abu daban, yaba shi daban. Shata ya yi zambo da habaici masu zafi, Hajiya Barmani Choge ta Funtua ta sha suka tana raye, yau kuma ɗalibai na rubuta kundin digiri a kansu. Sannan ba duka gambara ce fariya ba. Matasan da suka ga abin da 'yan bindiga suka yi wa Batsari da Jibiya da Faskari, waɗanda suka kwana da fargabar sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, sun faɗi abubuwa a baitocinsu da babu su a takardar gwamnati. Mai binciken da zai zo nan gaba yana son jin yadda ɗan shekara ashirin ya ji a wannan zamani, a can zai same shi, idan mun bar masa.

Kaso mafi girma na gyaran yana hannun mawaƙan da kansu, kuma a nan zan faɗa musu gaskiya. Wanda ke kukan ba a ambaci sunansa ba, shi ma sau nawa ya rubuta sunan wanda ya haɗa masa kiɗa? Sau nawa aka ambaci yarinyar da ta yi amshi, ko abokin da ya ba da baiti biyu? Sai a fitar da waƙa da hoton mutum ɗaya, sauran a sallame su da kuɗin mai. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta ba marubucin waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwarsa, muryar da aka naɗa kuma shekara 50. Wannan gado ne da 'ya'ya za su iya ci, amma sai in akwai shaidar wa ya yi me. Takarda ɗaya da za a sa wa hannu a situdiyo, mai ɗauke da sunaye da rana, da kwafi biyu na asalin aikin a wurare daban-daban, ba su kai kuɗin ɗinkin kayan da ake sawa a je karɓar lamba ba.

Sauran aikin na hukumomi ne, kuma ba sabon gini nake roƙo ba. Muna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, muna da gidan tarihi a tsohuwar Kwalejin Katsina, muna da sashen harsunan Nijeriya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga ta tarayya a Dutsin-Ma, ga gidan rediyon jiha da Companion FM. Malami ɗaya zai iya tura ɗalibansa na ajin ƙarshe su bi tsofaffin situdiyoyi da masu tura waƙa a Katsina da Daura da Funtua, su kwafo abin da ya rage, su zauna da 'yan farko su ɗauki hirarsu, su rubuta baitocin yadda aka rera su. Masu shirya bikin karramawa kuma su ware wani abu daga kuɗin ɗakin taro da ado, su sa sharaɗi cewa duk waƙar da za ta shiga gasa sai ta zo da cikakken jerin waɗanda suka yi ta, a miƙa kwafinta ga ma'ajiya. Yawancin waɗanda suka fara suna nan da ransu, wasu a kasuwa, wasu a ofis, wasu na tuƙa Keke Napep, kuma akwai masu tsofaffin faifai a ƙasan akwati da za su bayar idan aka je har gida aka tambaye su cikin mutunci.