Ku auna kan ƙuru kafin ku saya masa ragama

Ƙannena masu kilisa da hawan angwanci, akwai abin da nake gani a barga yana ci mini rai. Saurayi ya tara kuɗinsa ya sayi ɗan ƙuru gajere kakkaura, ya zuba dukiya a sirdi da kayan ado, sannan ya ɗauko tsohuwar ragamar wani ingarma ya zura masa.

Kan ƙuru gajere ne, muƙamuƙinsa kuma faffaɗa. Ragamar babban doki takan zame ta sauko inda ƙashin hanci ya ƙare, wurin da saura guringuntsi mai taushi. Doki kuwa ta hanci kaɗai yake numfashi, ba ya yi ta baki. Kana ja kana toshe masa iska, yana fizgar kai yana tirjiya, kai kuma ka ce taurin kai ne, ka sa masa bulala. Ku ji tsoron Allah, dabbar nan ba ta da bakin kai ƙara. Wani kuma sai ya saya masa ragamar duƙushi, ta matse muƙamuƙi, ta ci bayan kunne har ya zama gyambo, damina ta zo ƙudaje su samu wurin zama.

Kafin ka tafi wurin baduku ko Kasuwar Kurmi, samu zare ka zagaya hancinsa ka ƙulla alama, ka sake aunawa daga gefen fuska ta bayan kunnuwa zuwa ɗaya gefen. In ka sa masa, igiyar hanci ta zauna kamar yatsu 2 ƙasa da ƙashin kuncin nan da ya ɗan turo. Yatsu 2 su shige tsakaninta da fata, a maƙogwaro kuma 3 zuwa 4. Miƙa masa harawa ka ga ko yana tauna a sake.

Ni na fi yarda da ragamar fata ko ta auduga. Igiyar leda arha gare ta, amma tana ƙuna kuma ba ta tsinkewa. Doki yakan sosa kunne da ƙafar baya, kofato ya maƙale a ragama mai sako-sako cikin dare, ba kowa kusa. In ka ɗaure shi da ƙafa a turke, cire masa ita ya kwana.

Sabuwar ragama kuma a fara sa masa tun azumi ya saba da ita, kada ka bari sai safiyar Hawan Daushe.