Moai na Rapa Nui ba kawuna ba ne kawai

Abin nan yana damuna wallahi, kullum sai na ji ana cewa moai, mutum-mutumin dutse na tsibirin Rapa Nui da ke ƙarƙashin ƙasar Chile, wai kawuna ne ba jiki. Ban ga laifin mutane ba, hotunan da aka fi yaɗawa na gangaren dutsen Rano Raraku ne inda aka sassaƙa yawancinsu, can ƙasa ta yi ta zubowa shekaru aru-aru har ta binne su zuwa kafaɗa, da aka tona sai ga ƙirji da ciki da hannaye. Wanda ya je yawon buɗe ido ya leƙa Ahu Tongariki, wani dandamalin dutse a tsibirin, moai guda 15 ne jere a bakin teku, kowanne tsaye da jikinsa har ƙugu.