Tayar All Season ba tayar damina ba ce

Mutane da yawa in sun ga an rubuta All Season a jikin taya sai su ɗauka wai ta fi kowace taya riƙe titi a ruwan sama, to ba haka abin yake ba fa. Sunan daga Amurka da Turai ya zo, yanayin da suke nufi da sunan na sanyi ne, wato robar ba ta sandarewa in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, kuma tana iya ɗan taka ƙanƙara. A titi mai zafi kuwa, ko jiƙaƙƙe ne, tayar da suke kira ta bazara ita ce ta fi kama birki da kwana.

Inda All Season ta ci tuta shi ne ƙarko. Duba gefen tayar za ka ga Treadwear da lamba, wato ma'aunin ƙarkon tayar, yawan lambar yawan ƙarkon, misali Michelin Pilot Sport 4S 300 ce, Pilot Sport All Season 4 kuma 540, amma fa kowane kamfani shi ke gwada tasa don haka kar ka haɗa lambar Michelin da ta Continental ka ce ka gano gwani, a cikin kamfani ɗaya lissafin ke aiki.

Mu da kwalta ke tafasa a Afrilu, ni a ganina Temperature A, wato matakin sama na jure zafi da ake rubutawa a gefen tayar, ta fi komai, kar ka karɓi C a mota mai gudu. Sannan ka duba lambobi huɗu na ƙarshen DOT, wato lambar gefen taya mai nuna lokacin da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin sati na 23 a 2019, musamman in 'yar Beljiyam ce mai faci ya goge ta tana sheƙi.