Kala ɗaya ya isa a yi Sallah

Daga goman tsakiya na azumi, kasuwar Kantin Kwari ta Kano ba masaka tsinke. Magidanci na riƙe da takardar da aka rubuto masa daga gida: shadda, atamfa, leshi, mayafai, takalma, huluna, kowane yaro kala biyu ko uku. In ya fito sai Singa, ya auno fulawa da sukari da man gyaɗa na cincin. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin komai ya tashi, amma wannan takarda ba ta ragu ba. A gidaje da yawa, bashi ne ke cike giɓin.

Ni a ganina lokaci ya yi da za mu rage, kuma mu rage ba tare da jin kunya ba.

Addini bai ɗora mana wannan nauyi ba. Abin da ake so ranar idi shi ne mutum ya yi wanka, ya sa mafi kyawun tufafin da yake da su, ya fesa turare. Zakkar fid da kai mudun Annabi huɗu ne a kan kowane mutum, daga abincin da aka fi ci a gari. Layya sunna ce ga mai iko. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, Abu Ayyub al-Ansari ya ba da labarin cewa a zamaninsu mutum kan yanka dabba ɗaya domin kansa da iyalan gidansa, daga baya ne mutane suka mayar da abin alfahari. Ashe gasar tsohuwa ce, kuma tun a wancan lokaci sahabi ya gane ta.

Ku leƙa madafin gidajenmu daren Sallah. Uwargida na gaban murhu tun bayan isha'i: tuwon shinkafa, miyar taushe, waina, ga shinkafa da kaji saboda baƙi. Sau da yawa ba ta samun zuwa idi. Kafin la'asar kwanukan maƙwabta sun shigo da irin abin da aka dafa, wuta babu balle a sa a firji, washegari miya ta yi tsami a zubar. Wannan matar ba ta yi Sallah ba, aiki ta yi. Haka kala na uku da aka ɗinka wa yaro: sawa ɗaya, kafin Babbar Sallah ya ɗage masa. Da Bahaushe ya ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, ya san abin da ya gani.

Za a ce ai don yara ake yi. Sabon kaya na faranta wa yaro, shi ya sa ban ce a hana shi ba. A ɗinka masa ɗaya mai kyau. Amma tambayi duk wanda ya tashi a cikin birni me yake tunawa. Zai ce maka goron Sallah a gidan kaka, da zuwa gidan zu, da tsayawa a Ƙofar Kudu ana kallon dawakai ranar Hawan Daushe. Hawan Sallar Kano da UNESCO ta saka cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024, ba a taɓa tambayar mai kallo kala nawa ya ɗinka ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta teloli da 'yan kasuwa, waɗanda wannan lokaci ne kakarsu. Ina tausaya musu ƙwarai. Sai dai telan da ya karɓi ɗinki fiye da ƙarfinsa, ya kwana yana taka keke har asubar idi, sannan ya shafe wata biyu yana bin cikon kuɗinsa, ba shi ne ya ci ribar wannan gasa ba. Da za a riƙa ɗinki a tsawon shekara, a biya nan take, da ya fi masa.

Maganar nan miji da mata ne za su zauna su yanke tun cikin Sha'aban, su gaya wa yara da wuri: kala ɗaya, girki ɗaya, ziyara kuwa har gidan gwaggon da aka daɗe ba a leƙa ba. Masu hali su ya kamata su fara, domin su ake kallo. Kuɗin kala na biyu zai ɗinka wa marayu biyu na layinsu, kuma mai unguwa ya san gidajen.