Sanin shanu muke wa Allah ko sanin gaske?

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce, nace bari dai in fitar da shi ko na samu barci.

Na je gida Kaltungo, ɗan yayata ya dawo hutu daga jami'a, muna zaune kan tabarma a tsakar gida an ɗauke wuta kaman yadda aka saba, ana cin tuwon masara da miyar kuka, kawai sai yaron nan ya tsame hannu daga kwano yace "Kawu dan Allah ta yaya muka san akwai Allah?" Uwarsa kaman ta taka garwashi. Tace kai rufe mana baki, bokon ne ya fara taɓa maka kai ko, gobe da sassafe sai gidan fasto. Yaro ya sunkuyar da kai ya koma danna waya.

Iyaye, dattawan ikilisiya, malaman Sande sukul, dan Allah mu daina haka. Toma almajirin Yesu yace shi fa sai ya ga gurbin ƙusa a hannun Yesu ya sa yatsa kafin ya yarda ya tashi daga matattu, Yesu bai kore shi ba, bayan kwana 8 ya dawo yace masa kawo yatsanka. Uban yaro mai aljani na Markus 9:24 da bakinsa yace na gaskata, ka taimaki rashin bangaskiyata, kuma aka warkar masa da ɗa. To mu su wa da za mu rufe wa yaro baki? In ka hana shi tambaya a gida zai je ya tambayi TikTok ne.

Da kowa ya watse na kira shi muka zauna. Nace ɗaga kai. Ran nan taurari kaman an watsa gero, nace abin da Zabura 19 da Romawa 1:20 ke faɗa kenan, halitta kanta shaida ce. Dawar da ke rumbun kakarka daga iri ta fito, irin daga zangarniyar bara, ta bara daga ta bara waccan, in ka yi ta komawa baya dole ka iske wanda ya fara kuma shi ba wanda ya fara shi. Ba ni na ƙirƙiro ba, wani malamin Katolika Toma Akwinas tun ƙarni na 13 ya jera hanyoyi 5 na nuna akwai Allah, wannan na ciki. Ga kuma lamiri, wa ya sa maka abin da ke cizonka in ka yi ƙarya ko ba wanda ya gan ka?

Ya yi shiru, sai yace Kawu ni fa ba littafi ne ya girgiza ni ba, mutanen coci ne. Wanda ke jan addu'a ran Lahadi shi ne ke algus a mudu ran kasuwa, dattawa biyu shekara 3 ba sa ga maciji kan iyakar gona amma tare suke karɓar Jibin Ubangiji. Gaskiya nan jikina ya yi sanyi, dan na san su wa yake nufi.

Mu a nan kusan ba wanda ke musun akwai Allah, ko a keke napep an rubuta. Amma Yaƙub 2:19 yace aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne har suna rawar jiki, me ya ƙare su da shi? A bangaskiyarmu ta Kirista hankali na iya kai ka bakin ƙofa, amma Allah ne da kansa ke bayyana kansa. Yohanna 1:18 yace ba wanda ya taɓa ganin Allah, Ɗan ne ya bayyana shi, shi yasa da Filibus yace a nuna musu Uba Yesu yace wanda ya gan ni ya ga Uban. Kuma a Yohanna 17:3 rai madawwami shi ne sanin Allah da Yesu Almasihu da ya aiko, ba sanin shanu ba, sani irin na zama tare, ka ji maganarsa ka bi. Ayuba ma sai da ya sha wuya sannan yace dā da kunne nake jin labarinka, yanzu idona ya gan ka.

Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, yau ma ga shi a wayar kowa, amma Titus 1:16 kaman da mu yake, muna cewa mun san Allah ayyukanmu na musu. Ni ma ban cire kaina ba fa, akwai wanda na riƙe a zuciya tun bikin Kirsimeti, jiya na kira shi.

Yaron ya koma makaranta. Mun yi alkawari kullum sura ɗaya a Yohanna, ya turo min tambaya ta WhatsApp in amsa abin da na iya. Ta daren jiya ita ce me yasa Allah ya bar ƙanwarsa ta rasu tana shekara 6. Har yanzu ban rubuta masa komai ba, na dai ce ya jira mu kai sura 11 mu ga abin da Yesu ya yi a bakin kabarin Li'azaru. Ku sa mu a addu'a.